Wata Bakwai da Borin Jini: Amsar Likitan Fata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a nan Kaduna, shekaruna 34. Yau wata bakwai ke nan ina fama da borin jini. Kusan kullum da yamma sai jikina ya yi ruɗu-ruɗu, ga ƙaiƙayi kamar in cire fatar, kafin gari ya waye ya baje, gobe ya fito a wani wurin. Sau biyu leɓena da fatar idona suka kumbura. Na bar ƙwai, kifi, wake, gyaɗa da naman akuya, babu canji. An yi mini maganin taifot sau biyu, na sha jiƙe-jiƙen wankin ciki. Abin da kawai yake kwantar da shi wata allura ce da ake mini a kemis da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, amma da na bari sai ya dawo fiye da da, kuma yanzu fuskata ta yi faɗi. Wane abinci ne yake jawo mini wannan? Jinina ne ya lalace? Ana warkewa kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu Malama, sannu ƙwarai. Wanda bai taɓa kwana yana susa ba, ba zai san nauyin wata bakwai a cikin wannan hali ba, balle ga wadda za ta tashi da safe ta tsaya gaban aji. Allah ya ba ki lafiya.

Da wuya a ce abinci ne. Jininki bai lalace ba. Ana samun sauƙi har mutum ya manta yana da ciwon, kuma yawanci yakan tafi da kansa bayan wani lokaci. Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonki ba borin jinin ba ne, allurar nan ce da fararen ƙwayoyin, kuma zan daɗe a kansu idan na iso wurin. Duk abin da zan faɗa kuma sai an haɗa shi da ganin likita ido da ido.

Yadda kika kwatanta shi, ya fito da yamma, ya baje kafin safiya, gobe ya ɓullo a wani wurin, wannan ita ce kamar borin jini sak. Kowane tudu ɗaya ba ya wuce awa 24 a inda ya fito, kuma idan ya tafi ba ya barin tabo, sai dai sawun farce. Ga gwajin da nake ba masu zuwa wurina: in ya fito yau da daddare, ki ɗauki biro ki zagaye tudu biyu ko uku, gobe war haka ki duba. In cikin da'irar ya koma sumul, ko da wasu sun fito a gefe, to borin jini ne. In kuwa tudun yana nan daram bayan kwana ɗaya ko biyu, yana raɗaɗi fiye da ƙaiƙayi, kuma in ya tafi ya bar duhun tabo kamar wurin da aka buge, wannan wata cuta ce ta kumburin ƙananan hanyoyin jini, bincikenta daban. In ƙananan ƙuraje ne tsakanin yatsu da wuyan hannu, ke da yaran gida kowa yana susa da dare, sai a tuna ƙazuwa. In a jere suke a gefen da jiki yake taɓa katifa, a ɗaga katifar a duba kuɗin cizo.

Littattafan da muka karanta suna cewa tudun ja ne, domin a jikin farar fata aka ɗauki hotunansu. A fatarmu sau da yawa ba a ganin jan, sai dai tudu mai launin jiki ko mai ɗan haske, wanda hannu ya fi ido saurin gane shi. Ga shi kuma ciwo ne mai kunyar asibiti: ki sha wahala duk dare, ƙarfe goma na safe ki shiga ɗakin likita fatarki tas. Saboda haka ki riƙa ɗaukar hoto da wayarki a wuri mai haske lokacin da ya fito, har da ranar da leɓe ya kumbura. Hoton nan ya fi dogon bayani amfani a wurinmu.

Mako shida ne iyakar da likitoci suka sa. Wanda bai kai haka ba shi ne na ɗan lokaci, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar zai taɓa yin irinsa a rayuwarsa, bayan mura ko zazzaɓi, ko wani magani, ko cizon ƙwaro, ko wani abinci. Wanda ya haura mako shida yana zuwa yana dawowa shi ne mai naci, irin naki. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne yake fama da shi, mata sun ninka maza, kuma ya fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40. Mutane suna shan wahala ne saboda suna auna mai naci da ma'aunin na ɗan lokaci, suna ta neman abin da suka ci.

A cikin fatar kowa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, wani Bajamushe Paul Ehrlich ne ya fara bayyana su a 1878. Masu gadi ne, cike suke da sinadarai, babba a cikinsu shi ne histamin. Idan suka ji alamar haɗari sai su zazzage abin da ke cikinsu. Histamin ya buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwa ya tsattsafo ya taru a ƙarƙashin fata, shi ne tudun, ya kuma taɓa jijiyoyin ji, shi ne ƙaiƙayin. Bayan 'yan awanni jiki ya shanye ruwan, wurin ya baje. In abin ya faru a can ƙasan fata, a wuri mai laushi irin leɓe da fatar ido, sai ya zama kumburi, shi kuma yakan kai kwana uku kafin ya saɓe. Kusan huɗu cikin kowane goma masu irin ciwonki suna samun wannan kumburin, ba ke kaɗai ba ce. To a borin jini mai naci, babu wani baƙon abu da ya shigo daga waje. A jikin mutane da yawa garkuwar jikin ce da kanta take ƙera wasu sinadarai da suke tsokanar masu gadin nan. Ki ɗauka kamar ƙararrawar makarantarku ce wayarta ta sami matsala, tana ta kaɗawa ba lokacin tashi ba. Yara za su yi ta fitowa da gudu, amma ba wanda ya taɓa ta daga waje.

Shi ya sa maganar abinci take ba ni tausayi. Alajin abinci na gaskiya, wato jiki ya ƙi wani abinci, yana da hali sananne: ki ci abin, cikin mintuna zuwa awa biyu ya fito, duk lokacin da kika ci sai ya fito, in ba ki ci ba kuma lafiya lau. Ke kuwa wata da watanni rabonki da ƙwai da kifi da wake, kuma bai fasa zuwa ba. Jikinki ya riga ya ba ki amsa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ciwon da yake fitowa kusan kullum dole ya zo bayan wani abinci, tunda kullum ana ci. Ranar da aka ci wake a ɗora wa wake, ranar kifi a ɗora wa kifi, a hankali tukunya ta koma babu komai. Na taɓa ganin wata mai shayarwa da ta kai ba ta cin komai sai farar shinkafa da mai da gishiri, ko daddawa an hana ta. Da na ja fatar idonta na duba, fari fat, jini ya yi ƙasa, zoben hannunta yana zamewa, jaririn yana ta kuka nono bai isa ba, borin jinin kuma yana nan yadda yake. Ba zan manta yadda ta dube ni ba da na ce ta koma gida ta dafa ƙwai.

Ki dawo da abincinki, ɗaya bayan ɗaya, ki bar kwana uku tsakaninsu don hankalinki ya kwanta. Abu ɗaya na cire: in akwai abincin da kika taɓa ci nan take bakinki ya kumbura ko numfashi ya yi miki wuya, wannan kada ki gwada shi a gida, ki gaya wa likita.

Sunan ciwon ma yana taimakawa wurin ruɗun. Da an ji "jini" sai a ce jini ya yi datti, a kawo maganin wankin ciki, a yi ta gudawa a banza. Babu dattin da ake wankewa. Taifot kuma zazzaɓi ne mai kwantar da mutum, ba ya zuwa da siffar tudun da ke fitowa da yamma ya ɓace da safe har wata bakwai, kuma gwajin Widal da ake yawan dogara da shi yana nuna akwai a jikin mutane da yawa da ba su da ita. Ba a ɗaukar borin jini, ba a ba wani. Ki gaya wa maigida da yara, ki rungumi 'ya'yanki, ku ci a kwano ɗaya. Na ga gidajen da zargin sammu ya shiga tsakanin 'yan'uwa da kishiyoyi a kan wannan ciwo, alhali ciwo ne da ake samu a kowace ƙasa ta duniya. Ki yi addu'arki, ki riƙe azkar ɗinki, amma kada ki ɗora wa kowa.

Akwai dai abubuwan da ba su ne tushen ciwon ba, amma suna hura wutarsa. Na farko da nake tambaya shi ne maganin ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, asfirin, da garin Alabukun wanda asfirin ne a cikinsa. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu wannan ciwo, waɗannan magunguna suna tayar musu da shi. Mace ta sha don ciwon mara ko ciwon baya, da dare jiki ya ɗauka, a ce miyar da aka ci ce. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis, na gajiya ko na zazzaɓi, kusan ba ya rasa ɗaya daga cikinsu. In kina bukatar maganin ciwo, farasitamol ya fi miki aminci. Maganin tari mai kodin shi ma yana tsokanar ƙwayoyin mast kai tsaye. Sannan in kina shan maganin hawan jini mai suna da ke ƙarewa da "pril", irin lisinopril ko captopril, lallai ki faɗa wa likita, domin suna kawo kumburin leɓe da harshe, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata. Kada ki daina da kanki, a canza miki wani.

Sai zafi da matsi. Zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, ga rashin wuta, ga hijabi mai kauri na roba a kan kaya, duk suna ƙara shi. Ki duba inda ya fi fito miki: in wurin ɗaurin zani ne, ko ƙarƙashin igiyar rigar mama, ko kafaɗar da kike rataya jaka, to ki sassauta, ki koma kayan auduga masu walawa. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi-ɗumi, ba mai tururi ba. Na san ruwan zafi yana daɗi a kan ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma bayan minti kaɗan sai ya rama. Masu jego da ke da wannan ciwo, ina roƙon iyaye su sassauta musu zafin ruwan wankan. Mura, ciwon haƙori, kwanakin al'ada, rashin barci da damuwa duk suna iya tayar da shi. Damuwa ba ita ta haifar da ciwon ba, kada wani ya ce miki tunani ne kawai, amma makon jarrabawa da tarin takardun da za ki duba zai iya nunawa a fatarki.

Wasu kuma nasu ba ya fitowa sai an tsokane shi da abu ɗaya takamaimai. Akwai wanda in ka ja layi a bayansa da gindin biro, cikin minti kaɗan layin zai taso har a karanta abin da aka rubuta. Akwai samarin da in sun buga ƙwallo sun yi gumi sai ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar gero su feso musu. Akwai wanda sanyi ne nasa, alwalar asuba da ruwan randa a cikin hunturu ta isa ta kumbura masa hannu da fuska, kuma irin wannan haɗari ne gare shi ya faɗa kogi ko wurin ninkaya mai sanyi. Mutum ɗaya yana iya haɗa mai zuwa da kansa da ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙaiƙayin bayan wanka kuwa da mutanenmu da yawa suke yi ba tare da tudu ba, da ƙaiƙayin kulorokwin, waɗannan ba borin jini ba ne.

Yanzu magani. Tushensa magungunan da ke toshe aikin histamin ne, sababbin da ba su cika sa barci ba. Ga sunayensu yadda za ki gani a jikin kwali: cetirizine mai miligiram 10, loratadine mai 10, levocetirizine mai 5, desloratadine mai 5, fexofenadine mai 180. Ana samun su a manyan shagunan magani na garin nan, biyun farko kuma ba su da tsada sosai. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na tabbata za ki ce kin taɓa shan ɗaya bai yi ba. Tambayata ita ce, yaya kika sha? Yawancin mutane sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu suke haɗiya, gobe in ya baje su ajiye. A lokacin histamin ya riga ya zuba, ya gama aikinsa. Maganin nan zama yake a kan kujerar da histamin zai zauna, don haka dole ya riga shi isa. Kullum ake sha, a lokaci ɗaya, ranar da ya fito da ranar da bai fito ba. Ranar da fatarki take lafiya ba shaidar ciwon ya tafi ba ce, shaidar maganin yana aiki ce. Wannan gyara kaɗai ya canza rayuwar mutane da yawa da suka zauna a gabana.

A ba shi mako biyu zuwa huɗu. In bai isa ba, ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin fata da na alaji na ƙasashen duniya suka sabunta, aka buga a 2022, ta yarda likita ya ƙara adadin maganin guda ɗaya har ninki huɗu. Likita na ce, ba ke ba, ba mai kemis ba, domin sai an duba ƙodarki da sauran magungunan da kike sha. Ƙara guda ɗayan ya fi haɗa kala uku daban-daban. In cetirizine yana sa ki gyangyaɗi, don yana yi wa wasu haka, ki mayar da shi dare ko a canza miki zuwa loratadine ko fexofenadine. Shi fexofenadine da ruwa zalla ake shan sa, ruwan lemo yana rage shigarsa jiki. Piriton da kowa ya sani tsohon yayi ne. Yana aiki, amma ƙarfinsa ba ya daɗewa, yana ɓata ingancin barci, ya bar mutum da nauyin kai har washegari. Malamar da za ta koyar, ko direban da zai hau titin Zariya da sassafe, bai kamata su mai da shi na kullum ba.

Waɗannan magunguna ba sa kama jiki irin kamun kayan maye, kuma mutane suna shan su watanni da shekaru a ƙarƙashin kulawa. Da azumi ki sha a buɗa-baki, in an raba miki kashi biyu, ɗaya a buɗa-baki ɗaya a sahur. In kina da juna biyu ko kina nema, ko kina shayarwa, ki faɗa, loratadine da cetirizine su ne aka fi sanin amincinsu a wannan hali. Idan kika yi watanni babu ko tudu ɗaya, sai a fara ragewa a hankali a ga ko ya tafi. In ya leƙo, a koma, ba faɗuwa ba ce.

To ga maganar allurar. Daga yadda kika faɗa, tana kwantar da shi nan take, yana dawowa da ƙarfi in an bari, fuska ta yi faɗi, kusan babu shakka sitiroyid ne ake ba ki: dexamethasone ko hydrocortisone ko triamcinolone a allura, prednisolone ko dexamethasone a ƙwaya. Dexamethasone ɗin nan shi ne dai ake sayar wa 'yan mata a cikin magungunan ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Magunguna ne masu daraja a wurinsu, mu ma muna ba da prednisolone in ciwon ya yi tashin gaske, amma na 'yan kwanaki, ba ya wuce goma. Shan su wata da watanni kuwa yana kawo faɗin fuska, kitse a ciki da doron wuya alhali ƙafafu suna sirancewa, nankarwa masu faɗi, hawan jini, ciwon suga, yanar ido, raunin ƙashi, rikicewar al'ada, da raunin garkuwar jiki har tarin fuka da ke kwance ya iya tashi. Wata baiwar Allah ta zo mini da jakar leda cike da fankon sacet, shekara guda tana sha. Ta buɗe wayarta ta nuna mini hotonta na bikin ƙanwarta kafin ta fara, sai da na sake kallon fuskar da ke gabana kafin na yarda mutum ɗaya ce. Da muka auna, suga ya hau, jini ya hau. Borin jinin da ya kai ta ga haka kuwa, cetirizine na kullum da aka ƙara mata adadinsa ne ya riƙe shi daga baya. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna, domin wahalar da ba ta zama dole ba ce.

Amma ki saurare ni da kyau a nan, Malama: kada ki karanta wannan ki watsar da ƙwayoyin yau. Jikinki yana da wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadari da kansu. Idan aka daɗe ana kawo shi daga waje sai su yi kwance. In aka yanke rana ɗaya, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki, sai kasala mai tsanani, amai, jiri, jini ya faɗi, har takan kai ga rasa rai. A hankali ake janyewa, cikin makonni, bisa tsarin da likita zai rubuta miki, tare da an riga an ɗora ki a kan maganin histamin na kullum. Allurar ce za ki daina karɓa, ƙwayoyin kuma ki kai su asibiti cikin makon nan, kada ki jira hutun makaranta. A auna miki jini da suga ranar. Ciwon yana iya ɗan tashi lokacin janyewar, ki daure, yana lafawa. Fuskarki kuma za ta koma yadda take a hankali bayan an rabu da maganin.

In an kai ninki huɗu bai riƙe ba, hanya ba ta ƙare ba. Akwai allurar omalizumab, miligiram 300 a ƙarƙashin fata duk mako huɗu, wadda aka amince da ita don wannan ciwo a Turai da Amurka tun 2014. Tana aiki sosai, sai dai tsadarta da wuyar samunta sun sa ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu. Akwai kuma ciclosporin, wanda sai ana bibiyar hawan jini da ƙoda. Waɗannan aikin ƙwararren likitan fata ne, kuma akwai su a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan cikin gari, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Game da gwaje-gwaje, kada ki zubar da albashinki. Ƙidayar ƙwayoyin jini da gwajin alamar kumburi a jini su ne na farko. A wurinmu nakan ƙara gwajin bahaya saboda tsutsar ciki. Nakan duba tayiroyid, halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, domin ciwonta na garkuwar jiki yana yawan tafiya tare da borin jini mai naci, musamman ga mata. In akwai ciwon olsa a nemi ƙwayar cutar da ke kawo shi. Sauran sai abin da labarinki ya nuna. Gwajin alajin abinci mai dogon jeri da tsada ba ya taimakon mai irin ciwonki, ƙara masa jerin abin da zai ji tsoro kawai yake. In sakamako ya fito lafiya lau kada ki ji haushi, haka aka fi gani.

Ki ware shafi a bayan littafinki. Kowane dare ki ba tudun maki: sifili in babu, 1 in yawan tudun bai kai 20 ba, 2 in tsakanin 20 da 50 ne, 3 in ya haura 50. Ki ba ƙaiƙayin nasa: sifili in babu, 1 in kaɗan ne, 2 in yana damunki amma kina harkokinki, 3 in ya hana barci ko aiki. Ki tara na kwana bakwai, mafi yawa 42. A gefe ki rubuta duk maganin da kika sha da ranakun al'ada. Da wannan lissafin likita zai san ko a ƙara ko a rage, ke ma za ki ga saukar da ba lallai ki lura da ita ba, daga 30 zuwa 18 zuwa 6.

Daren da ya taso, ki jiƙa tsumma da ruwan sanyi ki ɗora, in dai ba sanyi ne yake tayar miki da shi ba. Ruwan shafawa na kalamin (calamine) ko man da ke da mentol suna sanyaya wuri. Ki yanke farce. Toka, kananzir, da zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka ƙona fata kawai suke, su ƙara miki wani ciwon a kan wanda ake fama da shi. Da hunturu ki yawaita man shafawa marar turare, ko man kaɗanya, don busasshiyar fata tana ƙara susa.

Kumburin leɓe da ido na irin ciwonki yana da ban tsoro a madubi, amma da wuya ya toshe numfashi. Duk da haka ki san alamun da ba a jira da su: harshe ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, murya ta dushe, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi yana fita da ƙara, ko jiri kamar za ki faɗi. Ko ƙarfe biyun dare ne a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ba kemis ba. Allurar adirenalin ce maganin wannan, Piriton ba ya tare shi. Ki sanar da maigida waɗannan alamu tun yanzu.

Kin tambaya ko ana warkewa. Ƙwayoyin da za ki sha ba su ne suke kashe ciwon ba, riƙe shi suke har ya gaji ya tafi, kuma yana tafiya. Wasu cikin watanni, mafi yawa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, kaɗan sukan wuce haka, wani kuma yakan dawo bayan shekaru ya sake wucewa. Ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji, ba ya cin fata, ba ya hana haihuwa. Abin da muke nema a tsakanin nan shi ne makinki ya sauka zuwa sifili, ki yi barci, ki ci abin da kowa yake ci, ki je biki ba tare da fargabar leɓe ba. In rashin barcin da kunyar shiga mutane sun kai ki ga yawan kuka ko ƙuncin rai, shi ma ki faɗa a ɗakin likita, ɓangare ne na ciwon kuma ana duba shi.

Ranar da za ki je, ki tafi da hotunan, da shafin makin ko na kwana uku ne, da duk wani kwali ko sacet ko ƙullin leda da kika sha cikin watannin nan, har da na gargajiya da na gyaran jiki. In za ki iya, ki biya kemis ɗin ki roƙi a rubuta miki sunan allurar da yawan lokutan da aka yi miki ita, domin da wannan za a tsara yadda za a janye ki. Allah ya sa kaffara ne, ya kawo sauƙi.